Asshur Ɗan Shem: Salsalar Littafin Farawa da Asalin Assuriyawa

Tsakure

Wannan maƙala ta auna salsalar da ke sura ta 10 ta Littafin Farawa da abin da Assuriyawan dauri suka rubuta da hannunsu a kan kakanninsu, sannan ta bi sawun sunan har zuwa ga Kiristocin Iraƙi da Siriya da Turkiyya da Iran da ke amsa shi a yau. Matsayarta ita ce salsalar Farawa taswirar al'ummu ce da aka zana da siffar gida ɗaya, kuma Assuriyawa sun samo sunansu ne daga wani birni a bakin kogin Dijla. Don haka hujjar Assuriyawan yau ta fi ƙarko idan aka kafa ta a kan ƙasa da harshe da addini, fiye da idan aka rataya ta a wuyan kaka ɗaya.

1.0 Gabatarwa

A garin Södertälje na ƙasar Suwidin, kudu maso yamma da Stockholm, akwai ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu da baƙi daga Gabas ta Tsakiya suka kafa: Assyriska a 1974, Syrianska a 1977. Kowacce ta taɓa kaiwa rukunin farko na gasar ƙasar. Iyayen mafi yawan magoya bayansu daga yanki ɗaya suka taso, wato Tur Abdin a kudu maso gabashin Turkiyya. Harshensu ɗaya, akasarinsu ɗarikar coci ɗaya suke bi, ga auratayya a tsakani. Amma ranar da suka haɗu a fili sai ka ce ba dangin juna ba ne. Ɓangare ɗaya na cewa su jikokin Asshur ne, ɗayan na cewa su jikokin Aram ne. Sunayen nan biyu kuwa a aya ɗaya suke zaune cikin Littafin Farawa, a matsayin 'yan'uwa 'ya'yan uba ɗaya.

Hausawa na cewa tushiya mafarin dawa. Ga al'ummar da ta watsu a nahiyoyi, ba ta da ƙasar kanta, tambayar tushe ba hirar cika lokaci ba ce. Da ita ake neman kujera a majalisa, da ita ake neman izinin buɗe makaranta, da ita uba ke amsa wa ɗansa idan ya tambaye shi su wane ne su. Wannan ya sa maƙalar ta saurari shaidu uku: Littafin Farawa, allunan yumɓu da aka tono daga kufan Assuriya, da rubuce-rubucen Kiristocin yankin. Shekarun da aka bi su da K.M. na nufin kafin Miladiyya.

2.0 Abin da Littafin Farawa ya ce

Sura ta 10 ta biyo bayan labarin ruwan Ɗufana. Ta raba mutanen duniya ga 'ya'yan Annabi Nuhu uku, Shem da Ham da Yafet, waɗanda malaman ƙasar Hausa suka fi sani da Samu da Hamu da Yafisu. Bisa ƙidayar da aka saba, sunayen al'ummu 70 ne a ciki. A aya ta 22 aka lissafa 'ya'yan Shem biyar: Elam, Asshur, Arfakshad, Lud da Aram. Littafin Tarihi na Ɗaya ya maimaita jerin. Josephus, masanin tarihi Bayahude da ya kammala babban littafinsa a Rum wajen shekara ta 94, ya ɗauki maganar a zahirinta: Asshur ne ya kafa Nineba, ya sa wa talakawansa sunansa. Masana tarihi Musulmi irin su Ɗabari, wanda ya rasu a 923, sun gaji jerin 'ya'yan Samu kusan yadda yake.

Sai dai wanda ya karanta surar a tsanake zai ga marubucinta bai ɓoye irin aikin da yake yi ba. Ɗan farin Kan'ana shi ne Sidon, wanda birni ne a gaɓar tekun Lebanon. Mizrayim ɗan Ham sunan ƙasar Masar ne. Wasu sunayen, kamar Kittim da Ludim, da siffar jam'i suka zo, wato sunayen jama'a ne. Sheba da Hawila sun bayyana sau biyu, sau ɗaya a gidan Ham, sau ɗaya a gidan Shem. Shi kansa Aram, da ke ɗan Shem a nan, a sura ta 22 akwai wani Aram jikan Nahor ɗan'uwan Annabi Ibrahim. Sura ta 25 kuma ta ambaci wasu Asshurim a zuriyar Dedan, jikan Ibrahim ta wajen Ketura, waɗanda galibin masana ke ɗauka wata ƙabilar arewacin Larabawa ce dabam.

Rabon ma bai bi dangantakar harshe ba. Elam shi ne na farko a 'ya'yan Shem, alhali harshen Elamiyawa na kudu maso yammacin Iran ba shi da dangantaka da Ibrananci ko Larabci ko Akkadiyanci. Kan'aniyawa kuwa, waɗanda harshensu da Ibrananci kusan abu ɗaya ne, an tura su gidan Ham tare da Masar, ƙasar da ta daɗe tana mulkinsu. Ɗaure harsunan nan da sunan Shem aiki ne na baya-bayan nan: August Ludwig von Schlözer, masani Bajamushe, shi ya fara yin haka a 1781.

Ɗan ƙasar Hausa ba baƙon irin wannan zance ba ne. Labarin Daura ya mayar da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da ita kanta Daura rabon 'ya'yan Bawo, ya ba Biram wani ɗan Bayajida. Mai ba da labarin yana faɗin gaskiya a kan wa ke kusa da wa, wa ke gaba da wa, ba tare da ya ce kowane Bakano daga cikin mace ɗaya ya fito ba.

Akwai kuma alamar zamanin da hoton duniyar nan ya dace da shi. Al'adar Yahudawa da Kiristoci ta danganta Littafin Farawa ga Annabi Musa. Masu nazarin tarihin matani kuwa na lura da cewa Gomer ya yi daidai da Gimirrai, mayaƙan da suka fara bayyana a wasiƙun Assuriya a ƙarshen ƙarni na 8 K.M., Ashkenaz kuma da Ishkuza na ƙarni na 7, sannan babu sunan Farisa a jerin. A ganinsu surar ta ɗauki kamanninta na yanzu ne a lokacin da Assuriya take, ko ta gama kasancewa, gagarabadau a yankin.

2.1 Wa ya gina Nineba?

Aya ta 11 ita ce ƙashin bayan gardamar. Ayoyin da suka gabace ta na magana a kan Nimrod ɗan Kush ɗan Ham, wanda Hausawa ke kira Lamarudu, gawurtaccen mafarauci da mulkinsa ya fara a Babila da Erek da Akkad. Daga nan sai aka ce an fita daga wannan ƙasa an gina Nineba da Rehobot-ir da Kala da Resen. Yadda jumlar take a Ibrananci, tana iya nufin Asshur ne ya fita ya yi ginin, tana kuma iya nufin Nimrod ne ya fita zuwa ƙasar Asshur. Tsohuwar fassarar Girkanci da aka yi a Iskandariya, da ta Latin ta Jerome, da ta Turanci ta Sarki James ta 1611, duk sun bi ma'anar farko. Fassarori da yawa na zamani sun bi ta biyu, suna dogaro da Annabi Mika wanda a sura ta 5 ya jera ƙasar Assuriya da ƙasar Nimrod a matsayin wuri ɗaya. Mutanen yankin ma Nimrud suke kiran kufan Kala har gobe.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A karatu na farko biranen Assuriya aikin gidan Shem ne, a na biyu aikin gidan Ham ne. Littafi ɗaya ya bar ƙofofin biyu a buɗe, wanda ke nuna marubutansa sun san Assuriya ta fuska biyu: 'yar'uwa ta wajen zama da harshe, kuma magajiyar sarautar Babila ta wajen mulki da ƙarfin tuwo.

Wani abin lura shi ne birnin Assur, tushen komai, ba ya cikin biranen da aka lissafa. Kala da Nineba ne manyan biranen daular a ƙarni na 9 zuwa na 7 K.M., su ne kuma mutumin Yahudiya ke jin labarinsu.

3.0 Birni ɗaya, abin bauta ɗaya, suna ɗaya

Kufan Assur na nan a Ƙal'at Sharƙat, a kan wani tudun dutse a gaɓar yamma ta Dijla, kimanin kilomita 100 kudu da Mosul. Walter Andrae da tawagarsa ta Jamusawa sun yi tono a wurin daga 1903 zuwa 1914. Mafi tsufan ginin da suka kai gare shi, ɗakin bautar Ishtar, ya koma tsakiyar shekaru dubu na uku K.M. A wancan zamani Assur ƙaramin gari ne da ke bin sarakunan kudu, na Akkad sannan na Ur. An samu rubutun wani hakimi mai suna Zariƙum da ya riƙe garin a madadin Amar-Sin sarkin Ur. Nineba ma ta girme shi nesa ba kusa ba: ramin gwaji da Max Mallowan ya haƙa a can a 1931 zuwa 1932 ya nuna mutane na zaune a wurin tun wajen 6000 K.M.

Garin da abin bautarsa suna ɗaya suke amsawa. W. G. Lambert ya kawo hujja a 1983 cewa Ashur, abin bautar, asalinsa tudun ne da kansa da aka ɗaukaka. Abin da ya ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne gumakan Mesofotamiya kowanne na da uwa da uba da 'ya'ya, shi kuwa Ashur da farko ba shi da kowa. Sai daga baya aka ara masa matar Enlil, gunkin Nippur. Can a ƙarshen ƙarni na 8 K.M. marubutan fada suka fara rubuta sunansa da na Anshar, wani tsohon kakan gumaka, don ya girmi Marduk na Babila. Hatta gunkin, siyasa ce ta ɗinka masa salsala.

Mutanen garin fatake ne kafin su zama mayaƙa. Tsakanin wajen 1950 da 1750 K.M. ayarin jakunansu na ɗaukar kuza da tufafi zuwa Kanesh, kusa da Kayseri ta yanzu a Turkiyya, tafiyar kusan kilomita 1,000, su komo da azurfa da zinariya. An tono alluna kimanin 23,000 a can, wasiƙu da takardun bashi da na aure. A cikinsu ana ganin 'yan kasuwar Assur na auren matan ƙasar, 'ya'yansu na tasowa da harshe biyu. Shugaban garin a lokacin wakilin Ashur yake kiran kansa, domin a aƙidarsu gunkin ne sarki. Ba'assuriye a wannan zamani shi ne ɗan birnin Assur. Sai a mulkin Ashur-uballit na Ɗaya, a ƙarni na 14 K.M., wanda ya kuɓuta daga daular Mitanni har ya aika wa Fir'auna wasiƙa, aka fara maganar ƙasar Ashur. Sunan ya tashi daga tudu zuwa gari, daga gari zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa jama'a.

4.0 Salsalar da Assuriyawa suka rubuta wa kansu

Assuriyawa ba su bar wa wasu aikin faɗin asalinsu ba. A farkon shekarun 1930 tawagar Jami'ar Chicago ta samu wani allo a Khorsabad mai ɗauke da jerin sarakunansu, wanda aka kwafa a 738 K.M. Babu wani mutum mai suna Asshur a kansa. Jerin ya buɗe da sarakuna 17 da aka ce mazauna tanti ne, na farkonsu Tudiya. Can kusa da ƙarshensu akwai Ushpiya, wanda sarakunan baya suka ce shi ya fara gina ɗakin bautar Ashur.

A 1966 J. J. Finkelstein ya wallafa wani allo daga Babila mai salsalar gidan Hammurabi. Sai ga shi wasu sunayen farko sun yi kama da na mazauna tantin nan, kuma irin su Didanu da Hanu sunayen ƙabilun Amoriyawa ne, makiyayan da suka kwararo Mesofotamiya daga yamma. Ashe su ma marubutan Assuriya abin da marubucin Farawa ya yi suka yi: sun ɗauki ƙabila sun mai da ita kaka.

Me ya kawo kakannin Amoriyawa kan jerin Assur? Amsar da masana da yawa suka yarda da ita na wajen Shamshi-Adad na Ɗaya, Ba'amore da ya ci garin wajen 1808 K.M. Bayan mazauna tanti akwai rukunin sarakuna 10 da aka jera daga baya zuwa gaba, a cikinsu har da Ila-kabkabi, sunan mahaifinsa. Alamu na nuna an cusa kakannin baƙo ne cikin jerin 'yan gida don sarautarsa ta samu gindi. Ba kowa ya haɗiye wannan ba. Wani mai mulki da ya biyo baya, Puzur-Sin, ya bar rubutu yana alfaharin rushe ginin da gidan Shamshi-Adad ya yi, yana kiransa baƙon iri da ba jinin Assur ba. Jerin sarakunan ya shafe sunan Puzur-Sin, ya bar na baƙon.

Akwai misali na uku na yadda ake ɗinka salsala. Jerin ya ambaci wasu 'yan ƙwacen sarauta da ya kira 'ya'yan da ba na kowa ba, wato marasa asali. Na ƙarshensu Adasi ne. Bayan shekara kusan dubu, Esarhaddon, ɗaya daga manyan sarakunan daular, yana bugun ƙirji da cewa shi jinin Bel-bani ɗan Adasi ne. Mutumin da aka ce ba shi da uba shi ya zama uban gidan sarautar.

5.0 Yadda daula ke haifar 'ya'ya

Idan gidan sarauta haka yake, talakawa fa? Ashurnasirpal na Biyu, da ya yi mulki daga 883 zuwa 859 K.M., ya mai da Kala babban birni, ya cika shi da mutanen da ya kwaso daga ƙasashen da ya ci. A kan dutsen da ya kafa don tunawa da bikin buɗe fadarsa ya ce ya ciyar da mutum 69,574 har kwana 10. Daga zamanin Tiglat-filesa na Uku kwashe jama'a ya zama tsarin mulki. Sargon na Biyu ya ce ya kwashe mutum 27,290 daga Samariya, Littafin Sarakuna na Biyu kuma ya ce an zaunar da su a Hala da bakin kogin Habor da garuruwan Mediyawa. Bustenay Oded ya ƙiyasta a 1979 cewa waɗanda aka tayar daga gidajensu cikin ƙarni uku sun kai kusan miliyan 4.5.

Akwai maganar da sarakunan ke yawan maimaitawa a rubuce-rubucensu: sun ƙidaya waɗanda aka kwaso cikin mutanen Assuriya, sun aza musu haraji da aikin gayya kamar kowa. Sargon ya ce a sabon birninsa ya tara masu harsuna dabam-dabam, ya naɗa musu masu koya musu tsoron gunki da sarki. Wannan ba tausayi ba ne, wahala ce mai tsanani ga waɗanda aka raba da gonakinsu. Sakamakonta dai shi ne jikan Basamariye ko Ba'aramiye ya tashi a matsayin Ba'assuriye.

Mafi yawan waɗanda aka kwaso daga yamma Aramiyanci suke yi, harshe mai haruffa 22 da ake rubutawa da tawada, ba kamar rubutun ƙusa mai ɗaruruwan alamu da ake dannawa a ɗanyen yumɓu ba. A Tell Fekheriye ta Siriya an samu mutum-mutumin wani hakimi na ƙarni na 9 K.M. da rubutu a harsuna biyu, Akkadiyanci da Aramiyanci. Zanen bangon fadoji na nuna magatakarda biyu tsaye kafaɗa da kafaɗa suna ƙidayar ganima, ɗaya da allo, ɗaya da fata. Naƙiya, matar Sennakerib kuma uwar Esarhaddon, sunan mutanen yamma gare ta. Shi ma Littafin Sarakuna na Biyu ya ba da shaida: da jakadan Sennakerib ya tsaya a bakin ganuwar Urushalima a 701 K.M., fadawan Hezekiya sun roƙe shi ya yi magana da Aramiyanci don kada talakawa su ji. Kafin daular ta faɗi, Asshur da Aram sun riga sun cuɗu a gida ɗaya, ɗaya ya ba da suna da sarauta, ɗaya ya ba da harshe.

6.0 Bayan faɗuwar Nineba

Mediyawa sun ci Assur a 614 K.M., su da Babiloniyawa suka ƙone Nineba a 612, sauran rundunar ta ƙare a Haran a 609. An daɗe ana ɗauka al'ummar ta shafe tare da fadojinta. An ma nemi ɓurɓushinta a wurare masu nisa: Dierk Lange, masanin tarihi Bajamushe, ya yi rubuce-rubuce yana cewa 'yan gudun hijirar Assuriya ne suka kafa Kanem, kuma akwai sunayen sarakunanta a jerin sarakunan Kabi. Hujjarsa ta fi dogara a kan kamannin sunaye, galibin masana tarihin Afirka ba su karɓe ta ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana nan gida. Farisawa sun ci gaba da kiran yankin Athura. A zamanin Fartiyawa garin Assur ya farfaɗo, aka sake gina ɗakin bauta a kan tsohon harsashi, mutane na rubuta addu'o'i da Aramiyanci ga Ashur da Sherua har zuwa wajen shekara ta 240 Miladiyya, fiye da shekara 800 bayan faɗuwar daular. Tatiyan, marubuci Kirista na ƙarni na 2, ya ce a ƙasar Assuriyawa aka haife shi. Rubutun Çineköy da aka gano kusa da Adana a 1997, mai harshe biyu, ya ƙarfafa tsohon ra'ayin cewa sunan Siriya daga na Assuriya ya gutsuro.

Da Kiristanci ya kafu, Suryaniyanci, wato karin Aramiyancin birnin Edessa, ya zama harshen coci. A nan salsalar Littafi Mai Tsarki ta dawo da sabon aiki. Labarin shahadar Mar Ƙardag, da aka rubuta wajen shekara ta 600, ya ce waliyyin jinin Nimrod ne ta wajen uba, jinin Sennakerib ta wajen uwa, kuma hubbarensa na Melƙi kusa da Erbil, wurin da ake kyautata zaton tsohon wurin bikin Ishtar ne. Labarin Mar Behnam da 'yar'uwarsa Sara ya mai da su 'ya'yan wani sarki Sennakerib, gidan ibadar da ke ɗauke da sunan Mar Behnam kuwa na kusa da kufan Nimrud. Har yau cocin yankin na yin azumin kwana uku na mutanen Nineba, don tunawa da tubar da kakanninsu suka yi a hannun Annabi Yunusa. Musulmi ma sun san Addas, bawan nan Kirista da ya kawo wa Annabi Muhammadu (SAW) inabi a Ɗa'ifa, wanda ya ce shi mutumin Nineba ne.

Ana iya cewa waɗannan marubuta daga Littafi Mai Tsarki suka san Sennakerib, tunda ba mai iya karanta rubutun ƙusa a lokacin. Haka ne. Amma zaɓin da suka yi shaida ne: cikin dukan sunayen da ke littafin, na sarakunan ƙasar da suke nomawa suka ɗauka nasu. Geoffrey Khan na Jami'ar Cambridge ya kuma nuna cewa a karin harshen ƙauyukan filin Nineba, kamar Ƙaraƙosh, akwai kalmomin Akkadiyanci da suka shafi noma da ajiyar hatsi waɗanda babu su a Suryaniyancin littafi. Waɗannan daga baki zuwa baki suka iso.

7.0 Rigimar suna

Tsawon ƙarnuka sunan da jama'ar ke kiran kansu da shi a gida shi ne Suraye ko Suryoye. Mika'ilu Basuryane, shugaban coci kuma masanin tarihi da ya rasu a 1199, ya danganta mutanensa ga Aram, amma ya lissafa tsofaffin daulolin Assuriya da Babila cikin abin alfaharinsu. Rabuwar coci ta ƙara sunaye: reshen da ya haɗe da Rum tun daga Yohannan Sulaƙa a 1553 shi aka sani da Kaldiyawa.

Ƙarni na 19 ya hura wutar. Paul-Émile Botta ya tono Khorsabad a 1843, Austen Henry Layard ya fara aiki a Nimrud a 1845, Hormuzd Rassam, Kirista ɗan Mosul, ya gano wani sashe na ɗakin karatun Ashurbanipal a 1853. A 1886 cocin Ingila ya buɗe mishan da ya kira na Kiristocin Assuriya. Sai kisan kiyashin 1915 da suke kira Saifo, wato takobi, da kisan Simele na watan Agustan 1933, suka mai da sunan tutar neman tsira. Cocin Gabas ya ƙara shi cikin sunansa a hukumance a 1976.

A nan masana suka rabu. John Joseph, shi kansa ɗan al'ummar, yana ganin sunan ya samu karɓuwa ne ta hanyar Turawa, asalin jama'ar kuwa Aramiyawa ne. Simo Parpola da Richard Frye na ganin zaren bai taɓa tsinkewa ba. Hukumomi ma sun rasa yadda za su yi: ƙidayar Amurka ta 2000 ta haɗa sunaye uku a layi ɗaya, tsarin mulkin Iraƙi na 2005 ya ambaci Kaldiyawa da Assuriyawa dabam-dabam, Isra'ila ta amince da Aramiyawa a matsayin al'umma a 2014. Binciken ƙwayoyin gado ba zai raba gardamar ba. Yana iya nuna cewa jama'a sun daɗe a wuri suna aure a tsakaninsu, amma jini ba ya zuwa da sunan Asshur ko na Aram a rubuce.

8.0 Kammalawa

Shaidun uku ba su ƙaryata juna ba idan aka yi wa kowanne tambayar da zai iya amsawa. Littafin Farawa ya faɗi inda Assuriya take a cikin al'ummu, ya sa ta kusa da Aram da gidan da Ibrahim ya fito. Allunan yumɓu sun nuna sunan na birni ne, jama'ar kuwa haɗuwar 'yan gari ce da Amoriyawa da Aramiyawa da waɗanda aka kwaso. Rubuce-rubucen coci da karin harshen ƙauyuka sun nuna mutanen ba su bar ƙasar ba. Wanda ya kira kansa Ba'assuriye da wanda ya kira kansa Ba'aramiye kowanne ya riƙe rabin gadon da ya haɗu tun ƙarni na 8 K.M.

Abin da ya kamata ya tayar wa masana hankali shi ne shaidun kansu na salwanta. Kiristocin Iraƙi, da suka haura miliyan ɗaya kafin 2003, yanzu ba su wuce 'yan dubu ɗaruruwa ba. A 2014 mayaƙan Da'ish sun tarwatsa masallacin Annabi Yunusa a Mosul, suka kori fiye da mutum 100,000 daga filin Nineba, a 2015 suka farfasa fadar Ashurnasirpal a Nimrud. Kufan Assur, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari tun 2003, ya fuskanci barazanar madatsar ruwan Makhoul. Kare-karen Aramiyancin arewa maso gabas kusan 150 ne, da yawansu tsofaffi kaɗan ne suka rage masu jin su, a Chicago da Detroit da Sydney. Maƙalar na ba da shawarar a gaggauta naɗar maganganun waɗannan tsofaffi, a ɗauki hotunan littattafan gidajen ibada da suka tsira, a kuma shigar da 'ya'yan al'ummar, kowane suna suke amsawa, cikin tawagogin da ke tono a Assur da Nineba da Nimrud.